Wa yake auna maka hatsi?

Ɗana, saƙonka ya iso ni ranar Talata da daddare. Jikata ce ta karanta mini shi a waya, don idon nan ya daina jituwa da ƙananan baƙaƙe. Da ta kai wurin da ka ce dattawan ikilisiya sun ci maka fuska, wai sun je unguwarku suna tambayar mai shago da mai gidan haya halinka alhali kana riƙe da digirin tauhidi daga Jos, sai da na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Da na kwanta kuma barci ya ƙi zuwa. Ka ce in gaya maka inda aka rubuta wannan al'ada, in kuma faɗa maka ko dole ne sai ka yi aure kafin a ba ka ikilisiya.

Bari in ba ka labarin keke tukuna.

A 1975, shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya shigo gari, ina aiki a wata masaƙa a Bompai a Kano, ina haya a Tudun Wada. Ma'aikatan gwamnati sai sayen babur da rediyo suke yi, mu ma da ba mu samu kamar nasu ba muka ce ba za a bar mu a baya ba. Na tattara abin da nake da shi na sayi Raleigh sabo fil, mai ƙararrawa da madubi. Kuɗin da na zuba a keken nan har da na wani malami mai awo a bakin layinmu, wanda yake ba ni gero da dawa bashi zuwa ƙarshen wata. Naira shida yake bi na. Wata ɗaya ya wuce, biyu, uku. Sai na daina bi ta gaban rumfarsa, ina zagayawa ta bayan layi ina tura keke cikin kwata.

A lokacin kuwa ni ne gwanin zumuntar matasa. In na tsaya wa'azi, aya na bin aya, mata suna cewa yaron nan Ubangiji ya kira shi. Na je na gaya wa fasto ina da kira, ina son a ba ni takarda in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. Aka sa mini rana. Na kwana uku ina haddar wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, don na ɗauka a nan za a tare ni.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna a benci biyu, ni ina tsaye. A cikinsu akwai wani tsoho da muke kira Baba Tela, Bamaguje ne ta wajen Karaye da ya ba da gaskiya tun yana saurayi, da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ya koyi karatu, kuma har ya rasu bai yarda ya ajiye shi ba. Sauran suka yi tambayoyinsu a kan baftisma da sabuwar haihuwa, na amsa kamar ruwa. Shi yana ta gyangyaɗi, ko kuwa haka na zata. Can sai ya ɗaga kai ya ce, "Yaro, wa yake auna maka hatsi?" Na faɗa masa. Ya ce madalla, ya sake sunkuyar da kai.

Ranar Asabar ina fitowa daga bayan layi, sai ga Baba Tela zaune a kan buhu a rumfar malamin nan, sun fasa goro suna hira kamar tare suka taso. Ƙafata ta yi sanyi. Daga baya na ji abin da malam ya faɗa, kuma har yau in na tuna kunya takan kama ni, don bai tona mini asiri ba, bai ko ambaci kuɗi ba. Cewa ya yi, "Yaron kirki ne, ba ya sha, ba ya rigima, yana gaida manya. Sai dai kwana biyu ya canja hanya."

Wannan ya ishi Baba. Washegari ya kira ni bayan majami'a, ya miƙo mini littafinsa, ya ce in buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 3, in karanta daga aya 1 zuwa 7 da ƙarfi. Na karanta: mai kula da ikilisiya ya zama marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamunkai, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, ba mashayi ba, ba mafaɗaci ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa. Ya ce, "Ƙirga mini, nawa ne a ciki aikin baki?" Na duba, na ce ɗaya, koyarwa. Ya ce, "To ɗayan nan kana da shi. Sake karanta ta bakwai." A nan ne aka ce sai ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda suke waje. Ya ce mu ranar Lahadi kaɗai muke ganinka, da wankakkiyar riga. Maƙwabcinka shi yake ganinka ranar Laraba. Iyayenmu sun ce ba a cinikin biri a sama.

Shekara guda cur suka riƙe takardata. Na sayar da keken da asara, na biya malam. Aka ɗora mini sharar majami'a, da ƙirga baiko tare da mutum biyu, da rakiyar fasto gaida marasa lafiya a asibitin ido da asibitin kutare na Yadakunya. Wa'azi kuwa ba a sake ba ni ba sai da damina ta wuce. Ranar da zan tafi Tofa, malamin nan ya aiko mini da gero kwano biyu, ya ce guzuri. Da ya rasu na je gaisuwa, 'ya'yansa suka ba ni wuri a tabarmar dangi.

Kada ka ce ina raina karatunka. Mu da Hausa aka koyar da mu, safe aji, yamma gona, ƙarshen mako mu bazu ƙauyuka da ƙafa. Da mun sami abin da kuka samu a makarantun tauhidi na Jos ko Kagoro ko Bukuru, da mun yi murna, kuma Bulus kansa a gaban Gamaliyal, babban malamin Yahudawa, ya yi karatu. Amma da muka gama, sunanmu masu bishara, ba wanda ya ce mana fasto. Na yi shekaru a ƙauye ina noma abin da zan ci kafin a ba ni lasin, naɗin rabaran kuwa sai da furfura ta fara leƙowa. Yanzu fa? Yaro bara aka yi masa baftisma, bana ya kama shago a Sabon Gari, ya buga hotonsa a ƙyalle, ya jera wa kansa laƙabi uku, yana ta aiko mana bidiyo a Facebook. Aya ta 6 ta surar nan da Baba ya sa ni karantawa ta hana a ɗora sabon tuba, don kada girman kai ya kayar da shi, a sura 5 aya 22 kuma an ce kada a yi gaggawar ɗibiya wa kowa hannu don naɗa shi. Laifin ma ba na yaran kaɗai ba ne. Mu dattawan yanzu ƙiwuya ta kama mu, takarda muke dubawa mu sa hannu. In naku sun taka da ƙafarsu har unguwarku, ka gode musu. Ni dai abin da ya hana ni barci shi ne fushin da ka yi. Akwai wata hanya da ka canja ne?

Maganar aure kuwa, gaskiya ba ni da ayar da zan ɗaure ka da ita. Bulus bai da mata, ya faɗa da bakinsa a Korantiyawa ta fari sura 7, kuma ya ce wa Timoti kada kowa ya raina ƙuruciyarsa. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan mijin mace ɗayan nan, yawanci suna cewa amana ake nufi, ba wai gwauro ya haramta ba. Amma Baba Tela yakan ce wanda bai taɓa sasanta rigimar ɗakinsa ba, ranar da aka kawo masa ta wani da tsakar dare zai rasa ta inda zai kama. Kuma a garin nan, saurayi shi kaɗai a gidan fasto, mata na shiga neman shawara, kai ma ka san bakin mutane.

Innarka ta ce ita ce za ta amsa maka wannan, wai ni ban san komai a kai ba. Ka zo ranar Asabar da yamma, za ta yi tuwon dawa. In za ka taho ka biyo mini da maganin ɗigon ido, irin na wancan karon.