Jijiya da Garkuwar Jikin Kaza: Me Ya Haɗa Su?

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun likitancin dabbobi, kuma ina ɗan kiwon kaji. A aji an ce mana jijiyoyin tsuntsu suna sakin wasu sinadarai, niyurofeftaid, a cikin gaɓoɓin garkuwar jikinsa. Ban ga alaƙar ba. Me ya haɗa jijiya da garkuwar jiki? Ko shi ya sa kajina ke kwanta ciwo lokacin tsananin zafi duk da na yi musu rigakafi?

AMSA: Malama, ni ma ranar da na fara jin wannan zance sai na ɗauka malaman ne kawai ke son ƙara mana hadda. Ban yarda ba sai da na leƙa madubin ɗakin gwaji, na ga siririn yankan jakar Fabricius, ɗaya daga gaɓoɓin garkuwar kaza, da aka rina, ga zaren jijiya yana bin gefen jijiyar jini har ya kusanci tarin ƙwayoyin garkuwa.

Ki fara da sanin wuraren. Kaza ba ta da kaluluwa irin tamu. Abin da take da shi shi ne taimus, wanda ke jere guntu-guntu a gefen wuya hagu da dama, sai saifa, sai ɓargo, sai wani ƙullutu a bayan ido, sai kuma jakar Fabricius, 'yar jaka mai ninki a ciki da ke zaune a saman dubura. In kin feɗe ɗan tsako mai mako huɗu za ki same ta fara, a cike, kamar kan ɗan yatsa. In kazar ta balaga sai jakar ta motse har ta kusa ɓacewa.

Sunan jakar na wani masanin sassan jiki ne ɗan Italiya, Hieronymus Fabricius, wanda aka buga bayaninsa a 1621 bayan rasuwarsa. Aka yi shekaru fiye da 300 ba a san aikinta ba. A jami'ar jihar Ohayo ta Amurka, wani mai bincike, Timothy Chang, ya ari wasu kaji wajen takwaransa Bruce Glick don ya nuna wa ɗalibai yadda jiki ke haɗa sinadaran garkuwa, kajin suka kasa haɗawa. Ashe Glick ya riga ya cire musu jakar tun suna 'yan tsaki. Sakamakon ya fito a 1956, kuma daga sunan jakar nan, bursa, ƙwayoyin B, wato ƙwayoyin da ke haɗa sinadaran garkuwar, suka samo harafinsu, har na jikin ɗan Adam.

Shi niyurofeftaid ɗan gajeren jeri ne na amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, da jijiya ke haɗawa ta saki a matsayin saƙo. Sinadarin P, wanda aka gano a 1931, amino asid 11 ne kacal. Wani kuma da ake kira VIP yana da 28, an gano shi a 1970. An samu zaren jijiyoyi masu ɗauke da waɗannan biyu a cikin taimus da jakar kaza. Aikinsu na farko a bayyane yake: suna buɗe ƙananan jijiyoyin jini, kuma yawan jinin da ya ratsa gaɓa shi ke ƙayyade yawan ƙwayoyin garkuwar da za su shiga su fita. Na biyu ya fi ban sha'awa. Gwaje-gwaje kan dabbobi masu shayarwa sun nuna ƙwayoyin garkuwa na da maƙallan karɓar saƙon a jikinsu: sinadarin P yana zuga su, ya tayar da kumburi, shi kuwa VIP yawanci lallashi yake yi, ya kwantar da shi.

Af, VIP ɗin nan kin riga kin san aikinsa ba tare da kin san sunansa ba. A tsuntsaye shi ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ya sa a saki furolaktin, homon ɗin da ke sa kaza ta daina ƙwai ta hau kwanci tana yi wa kowa tsawa.

Batun kajinki kuwa, zargina ya fi karkata ga wani niyurofeftaid ɗin daban, CRH. Kaza ba ta yin gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. In wahalar ta daɗe, ko ta zafi ko ta cunkoso ko ta ƙishirwa, ƙwaƙwalwa na sakin CRH, shi ya tayar da wani homon mai suna ACTH, shi kuma ya sa a zuba kotikosteron, homon ɗin da jiki ke saki lokacin wahala, a jini. Kotikosteron yana kashe ƙananan ƙwayoyin garkuwa da ba su gama nuna ba. Na sha feɗe kajin da suka yi makonni a ɗaki mai cunkoso in tarar taimus ya zama siririn zare. Rigakafi ai koyarwa ce, kuma ƙwayoyin nan su ne ɗaliban. In ajin ya watse, allurar ba ta da wanda za ta koya wa.

Amma kada ki ɗora wa zafi laifin duka tun ba ki duba ba. Cutar Gumboro, mai sunan wani gari a jihar Delawaya ta Amurka, jakar nan take hara kai tsaye, musamman a 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6, kuma wadda ta tsira takan tashi da raunin garkuwa. Rigakafin da ya sha rana kafin a ba da shi ma ya lalace. In wata kaza ta mutu, ki feɗe ta tare da malaminki, ku fara duba jakar: ta Gumboro takan kumbura da ruwa-ruwa, wani lokaci da ɗigon jini, kafin ta motse, wadda wahala ta taɓa kuwa motsewa kawai take yi. Rigakafin gaba ki ba da shi da sanyin safiya, kafin su fara haki.