Na Rubuta Littafin Makaranta, Wa Zai Tsaya Mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare da ke Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma na kammala rubuta littafin koyar da lissafi da Hausa don 'yan aji ɗaya zuwa uku. Wani mai kamfanin ɗab'i ya ce zai biya ni kuɗi dunƙule, littafin ya zama nasa, kuma sunan kamfanin kaɗai zai fito a bango. Shin akwai hukuma ko ƙungiyar da ke tsaya wa marubuta littattafan makaranta, ko kuwa in karɓi abin da ya sawwaƙa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, domin wanda ya zauna ya sauƙaƙa wa yaro tarawa da ɗebewa cikin harshen da yake ji a gida ya yi aikin da ba kowa ke iya shi ba. Shawarata ita ce kada ki sa hannu a kan wannan ciniki yadda yake.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba ki kariya tun daga ranar da kika rubuta littafin, kuma haƙƙin yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato magadanki ma suna da rabo a ciki. Dokar ta ce sallama wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, sannan ta ware haƙƙin ambaton sunan marubuci a matsayin abin da ba ya komawa hannun wani muddin marubucin yana raye. Saboda haka batun cire sunanki daga bango bai ma kamata ya shigo cikin ciniki ba. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana karɓar rajistar ayyuka, kuma takardar da za ta ba ki hujja ce idan gardama ta taso.

Abin da ya sa na fi damuwa da kuɗin dunƙule shi ne yanayin kasuwar littafin makaranta. Littafin labari yana iya yin tashe na ɗan lokaci ya lafa, amma na makaranta, da zarar ya shiga jerin waɗanda ma'aikatar ilimi ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta amince da su, duk farkon zangon karatu sai iyaye sun je shagon littattafai riƙe da takardar da makaranta ta ba su, suna neman sa da sunansa. Wanda ya saye shi kacokan zai yi ta sake bugawa shekara da shekaru, ke kuwa kin riga kin ci naki tun ranar farko. Ki nemi a rubuta miki kaso daga kowane kwafin da aka sayar (kashi 10 cikin 100 ne aka fi sabawa da shi), a kuma fayyace yawan kwafin da za a buga, da lokacin da za a riƙa ba ki lissafi, da shekarun da yarjejeniyar za ta yi kafin littafin ya dawo hannunki. Kafin ki sa hannu, lauya ya karanta.

Game da tallafi, gaskiya ita ce an bar irinku a baya, kuma abin yana damuna. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yana ɗaukar nauyin buga littattafan malamai, amma na manyan makarantun gwamnati kawai. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, wadda ta kai dala 100,000, tana zagayawa ne tsakanin ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara, babu littafin lissafi a ciki. Ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda aka kafa a 1981, ita ma ta fi karkata ga adabi, duk da haka shiga cikinta zai haɗa ki da waɗanda suka san hanyar maɗaba'a. Wannan sakaci ya fi ciwo a garin da Nana Asma'u ta riƙa tsara waƙoƙi musamman don jagororin mata da ake kira jaji su koyar da mata a ƙauyuka.

Martabar da za ki iya nema da kanki tana farawa daga tantancewa. Ki kai rubutun ga masana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo su duba ƙa'idojin rubutu da kalmomin lissafin da kika zaɓa, ki gwada darussan a aji biyu ko uku da ba naki ba, sannan a miƙa shi ga hukumar NERDC, wadda ke tsara manhajar karatu tana kuma auna littattafai a kanta. Lambar shaidar littafi, wato ISBN, kuma daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓar ta, inda doka ta wajabta wa mai ɗab'i ajiye kwafi 3. Ki tabbata an rubuta a yarjejeniyar cewa idan manhaja ta sauya, ke za a fara nema ki sabunta littafin, kuma ba za a taɓa ko shafi ɗaya ba sai da izininki.