Amsar Kawu kan askin Umara da ƙurajen ƙeya

Ɗana, saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce tun da ka zo karatu Madina, duk Umarar da ka sauko ka yi sai an yi maka tal-kwabo, bayan kwana uku ƙeyarka ta feso da ƙuraje har hula ta gagare ka. Kana tambaya ko dole ne a sa aska, ko kuwa al'adarmu ce kawai.

Abin yana da asali a addini, amma ba dole ba ne. Aya ta 27 a Suratul Fathi ta ambaci masu aske kai da masu saisaye tare. A Bukhari da Muslim kuma, Annabi (SAW) ya roƙa wa masu aski rahama sau uku, sannan ya haɗa da masu saisaye. Askin ya fi falala ke nan, saisayen kuma ya isar. Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya ana bin kan duka ne a rage. Abin nan da kake gani a bakin Marwa, mutum ya ɗan tsinke sili uku da almakashi ya wuce, bai wadatar ba.

To, me ke kawo ƙurajen? Gashinmu murɗaɗɗe ne. In reza ta share shi har ƙasa, bakinsa yakan yi tsini, yana tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fata, wurin ya kumbura. Shi ya sa abokinka ɗan ƙasar Larabawa, mai miƙaƙƙen gashi, zai yi aski tare da kai ya kwana lafiya, kai kana susa.

Ina tuna wanzamin gidanmu. Ba ya buɗe zabira sai ya jiƙa kai da ruwan ɗumi, yana murzawa da tafin hannu har gashin ya yi laushi, muna yara muna ƙosawa. In ya ɗora aska, inda gashi ya kwanta nan yake bi, ba ya komawa wuri sau biyu. Mu a da mun ɗauka nawa ce irin ta tsofaffi. Masu askin yanzu, musamman ranar 10 ga Zulhajji a Mina, layi ya yi musu yawa, a bushe suke kankare mutum. Abu ɗaya ne ba zan yaba wa wanzaman zamanin da ba, aska ɗaya ga unguwa guda. Ciwon hanta yana bin jini, saboda haka ka shiga shago mai lasisi, a ɓare sabuwar reza kana kallo, ka rabu da na bakin titi komai arharsu.

Yanzu ka huta wa reza wata guda, ka sa a yi maka da kilifa a bar ɗan gashi. Safe da yamma ka dafa wurin da tsumma mai ɗumi, ka shafa man kaɗanya kaɗan. Kada ka matse, kada ka tone da allura, ka kuma sassauta wuyan jallabiya. Turare mai ƙarfi a sabon aski raɗaɗi kawai yake ƙarawa, balle man birki da na ji wasu samari na shafawa, Allah Ya kyauta. Ka tuna ma kafin askin kana cikin harami, ban da sabulu mai ƙamshi.

In ƙurajen suka yi tauri ko suka fara ruwa, je wurin likitan fata da wuri, don na ƙeya in suka daɗe sukan haɗe su zama tabo mai tudu, gashi ya daina fita a wurin.

In za ka sauko Makka ka biyo ta gida, gwaggonka ta ajiye maka man kaɗanyar da aka kawo mata daga Kano. Ka gaida abokan karatunka.