Ina ɗalibar zane mai motsi za ta samu dama, kuma me ya kamata ta tanada kafin ta nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane na wata jami'a a Arewa, ina aji uku. Kusan shekara guda ke nan ina koyon haɗa katun da kaina a manhajojin Blender da Krita, da ƙaramar laftof mai RAM 8. Kullum sai in ga ana cewa wane ya samu tallafin karatu, wance an nuna fim ɗinta a ƙasar waje, amma ni ba na jin labari sai an rufe karɓar takardu. A ina ake samun waɗannan labarai a kan lokaci, kuma me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Jin labari a makare ba shi ne babbar matsalar ba, domin yawancin waɗannan damammaki lokacinsu sananne ne, kusan kowacce da watan da take zagayowa kowace shekara. Abin da ke hana ɗalibai shiga shi ne ranar da aka buɗe ƙofa ba su da kammalallen aiki a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace gasa, kowace makaranta, kowane kamfani, abu biyu za su tambaye ki: gajeren bidiyon da ke nuna gwanintarki, da kuma fim ko da na minti biyu ne wanda kika kai shi ƙarshe. Saboda haka zan gaya miki wuraren, amma zan fi daɗewa a kan abin da za ki kai musu.

Babban taron masu wannan sana'a a duniya shi ne na garin Annecy a Faransa, ana yin sa a watan Yuni, kuma tun 1960 ake yi. Yana da rukuni na musamman na fina-finan kammala karatu, yana kuma da kasuwa mai suna MIFA inda masu labari ke gabatar da shirinsu ga masu kuɗi. Karɓar gajerun fina-finai yakan rufe tun farkon shekara, wajen Fabrairu, wato wanda ke son Yuni sai ya gama aikinsa a Janairu. Na Ottawa a Kanada a watan Satumba yake. Kusa da gida akwai bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu, duk bayan shekara biyu, yana da sashen katun, sai AFRIFF a Legas wajen Nuwamba. Akwai kuma gasar ɗalibai ta masu ba da kyautar Oscar, wadda ke karɓar ɗaliban ƙasashen waje, amma sharaɗinta fim ɗin ya zama aikin makaranta ne na wanda ke da rajista. Wannan ya shafe ki kai tsaye: idan malamanki za su yarda, ki mayar da fim ɗin ya zama aikinki na kammala digiri, domin rukunin ɗalibai ya fi sauƙin shiga nesa ba kusa ba, kuma da kin gama makaranta da ɗan lokaci ƙofarsa za ta rufe miki.

Bukukuwa da yawa ta shafin FilmFreeway suke karɓar fim. Ki buɗe asusu, kyauta ne, ki tace binciken ya nuna miki na katun kawai da waɗanda ba sa karɓar kuɗin shiga, sannan ki kwafe ranakun rufewa cikin kalandar wayarki, ki sa ta tuna miki wata biyu kafin ranar. Wannan kaɗai ya magance rabin tambayarki. Inda ake biyan kuɗi, ba laifi ba ne ki rubuta musu gajeriyar wasiƙa cewa ke ɗaliba ce daga Najeriya, biyan dala yana miki wuya, ko za su yafe miki. Wasu kan yafe. Amma ki yi hattara, a shafin akwai bukukuwa na jeka-na-yi-ka da ba su da zauren nuna fim ko ɗaya, kuɗin shiga suke tarawa su raba wa kowa takardar yabo. Ki duba ko suna da hotunan taron shekarun baya da sunan wurin da aka yi.

Kafin fim ya kammala, akwai inda za ki riƙa gwada kanki. Shafin 11 Second Club kan fitar da sautin magana na kimanin daƙiƙa 11 kowane wata, kowa ya motsa ɗan katun ɗinsa a kai, a yi wa juna gyara. The Rookies gasa ce ta shekara-shekara ta ɗalibai da masu koyo da kansu. Kamfanin Triggerfish na Kef Tawun a Afirka ta Kudu yana da darussa kyauta a intanet, kuma shi ne ya jagoranci jerin gajerun fina-finan Afirka da Disney ta fitar a 2023, don haka sanarwarsa ta cancanci bibiya.

Batun karatu a waje kuwa, ki san tsarinsa tun yanzu. Chevening ta Birtaniya digiri na biyu take ɗaukar nauyi, na shekara ɗaya, kuma sai mai gogewar aiki ta shekara biyu, don haka ba taki ba ce bana. Tsarin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana da digiri na biyu kan zane mai motsi mai suna RE:Anima, haɗin gwiwar makarantu a Fotugal da Beljiyam da Finlan. Irin waɗannan shirye-shirye sukan karɓi takardu tsakanin Oktoba da Janairu, kuma wanda ya samu cikakken tallafi ana ba shi Yuro 1,400 a wata, sai dai ki duba shafinsu ko zagayen shekarar da za ki nema yana da tallafin. Makarantar Gobelins ta Paris ita ma ba ta duba komai sama da zanen mai nema. A gida akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ya sama miki gurbin tallafin karatu, ɗan damfara ne, babu wani bincike da ya rage.

To, yanzu abin da za ki riƙe a hannu.

Bidiyon nuna gwaninta kada ya wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai dubawa yana da ɗaruruwa a gabansa, daƙiƙa goma na farko ne ke sa ya ci gaba ko ya rufe, don haka mafi kyawun aikinki shi ne na farko, ba a ɓoye shi sai ƙarshe. Sunanki da adireshin imel su fito daƙiƙa biyu a farko da ƙarshe, ba tare da ado ba. Duk abin da kike kokwanto a kansa ki cire shi, gara guntu huɗu masu kyau da goma da biyu daga cikinsu ke ɗingishi, domin da mafi rauni ake auna mutum. A ƙasan kowane guntu ki rubuta abin da ke kika yi. Idan ɗan tsanar da kika motsa wani ne ya ƙera shi ya saka masa ƙashin da ake motsa shi da shi, ki faɗa. Masu sana'ar sun san 'yan tsanar kyauta da ke yawo a intanet, kuma yin shiru a kai ya fi rashin ƙwarewa zubar da mutunci.

Ki kuma zaɓi fanni ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya nuna ɗan ƙira, ɗan haske, ɗan motsi, ɗan zanen bango, ba a san me za a ɗauke shi ya yi ba. Idan motsi kika zaɓa, abin da ake so a gani shi ne tafiya da gudu, ɗaga abu mai nauyi yadda za a ji nauyin, da magana mai nuna abin da ke zuciyar mai yin ta. Ba ya buƙatar launi ko haske, ɗan tsana mai ruwan toka a fili ya wadatar, wanda kuma laftof ɗinki za ta ɗauka ba tare da haki ba.

Shi kuwa fim, lissafi ne zai gaya miki tsawonsa, ba buri ba. Daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce. Masu zanen hannu sukan bar kowane zane ya tsaya hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, 720 a minti. Idan kina iya kammala zane 20 a rana, minti ɗaya zai ci kwana 36, ba a zo maganar launi da bango da sauti ba. Ga ɗaliba mai lacca da jarrabawa, fim na minti biyu zuwa uku, da mutum ɗaya ko biyu, a wuri ɗaya, shi ne abin da ke ƙarewa. Masu fara labarin yaƙin sarakuna na minti goma sha biyar, yawanci a minti na biyu aikin ke mutuwa. Kafin ki motsa komai, ki zana labarin gida-gida, ki jera zanukan a kan sautin da kika naɗa, ki kalla kamar fim. Idan wanda bai san labarin ba ya kasa fahimta a wannan mataki, gyaran kwana ɗaya ne. Bayan an motsa, gyaran wata ne.

Kada ki raina kayan aikinki. Fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci Oscar na katun a 2025 da Blender aka yi shi. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya daɗe zaune a Tawa, tun shekarun 1960 ya fara yin katun da zanen hannu da 'yan tsana, da kayan da ba su kai naki ba. Abin da zai ba ki wahala shi ne fitar da hotunan ƙarshe, abin da ake ce wa renda. Fim na minti biyu hoto 2,880 ne. Idan kowane hoto ya ci minti uku a Cycles, ɗaya daga injinan renda na Blender, awa 144 ke nan, kwana shida injin bai huta ba. Idan kika koma ɗaya injin mai sauri, EEVEE, ya ci daƙiƙa goma, awa takwas ne. Tun ranar farko ki gina kamannin fim ɗin a kan EEVEE, ko ki tsaya a zanen Grease Pencil, wato zanen hannu na cikin Blender, maimakon ki canza a ƙarshe ki tarar haske ya sauya gaba ɗaya.

Kuma kada ki taɓa yin renda kai tsaye zuwa bidiyo. Ki fitar da shi hoto-hoto a tsarin PNG cikin jaka ɗaya, ki cire alamar Overwrite, wadda ke sa a sake yin hoton da aka riga aka fitar. Idan aka ɗauke wuta a hoto na 1,900, da kin kunna zai tsallake waɗanda ya gama ya ci gaba. Da bidiyo ne, fayil ɗin ya lalace, sai daga farko. Ki dai goge hoton ƙarshe da yake kai lokacin da wutar ta tafi, sau da yawa rabi yake fita. Ki riƙa ajiye aiki da lamba, na 01, na 02, kada ki danne ɗaya kullum, kuma kwafi ɗaya ya kwana a wani wuri ban da laftof. In za ki kai fayil wata kwamfuta, ki yi Pack Resources tukuna, wato ki cusa hotunan da kika yi amfani da su cikin fayil ɗin, in ba haka ba za ki buɗe ki ga komai ya koma ruwan hoda saboda hotunan jikin kayan sun tsaya a gida.

Abu biyu da suka shafi labarinmu musamman. Na farko tufafi: babbar riga da hijabi da zani suna da kyau a ido, amma idan kika bar kwamfuta ta lissafa kaɗawar yadi da kanta, ƙaramar laftof za ta durƙushe, hannu kuma ya riƙa ɓullowa ta cikin riga. Ki saka wa rigar 'yan ƙasusuwa kaɗan ki motsa su da hannu, su riƙa biyo jiki a baya da hoto biyu ko uku. Na biyu baki: jadawalin siffofin baki da za ki samu a intanet don Turanci aka yi shi, inda harafin f ke sa haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta shi, don haka in kika bi jadawalin, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Ki ɗauki bidiyon bakin wanda ya yi muryar, ki bi shi. A b da ɓ da m leɓɓa su haɗu sosai na aƙalla hoto biyu, dogon wasali kuma a bar bakin a buɗe ya ɗan jima. Ki yi fim ɗin da Hausa, ki sa fassarar Turanci da za ta fito a ƙasan hoto a fayil ɗin SRT daban. Alƙalan bukukuwa sun gaji da ganin kwaikwayon katun ɗin Japan da Amurka, abin da ba su gani ba shi ke tsayar da su.

Wajen aikawa, abubuwa uku ke kayar da mutane. Waƙar wani da aka ɗora ba izini: za a sa ki sa hannu cewa duk abin da ke cikin fim ɗin kina da haƙƙinsa, don haka ki nemi mai kiɗa ya yi miki naki, ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce. Sai sakin fim a YouTube ko TikTok tun kafin a aika, alhali wasu bukukuwa ba sa karɓar abin da ya riga ya fita. Ki ajiye shi a shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri har ya gama zagayensa. Sai kuma sauti, wanda ɗalibai ke bari sai daren ƙarshe. Ki naɗi murya a ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, a 48kHz, hoton kuma 1920 da 1080. In an zaɓi fim ɗin za su iya neman babban fayil na nunawa a zaure, ProRes ko DCP, a nan waɗancan hotunan PNG da kika adana za su yi miki rana.

Kafin duk wannan ya nuna, akwai aikin gida da ke kawo kuɗin data da na allon zane: ƙungiyoyin lafiya da ilimi masu son gajeren saƙo da Hausa, 'yan kasuwa masu son talla, masu shirya fim da ke son rubutun farkon fim ya motsa. Ki yi ciniki da daƙiƙa, ba da "bidiyo ɗaya" ba, ki karɓi rabin kuɗi kafin ki fara, ki sa su amince da jerin zanen labari a rubuce kafin motsi, ku kuma ƙayyade gyara sau biyu, na uku da kuɗinsa. Ki roƙi izinin saka aikin cikin bidiyon gwanintarki tun a yarjejeniyar, domin wasu ƙungiyoyi ba sa yarda in an tambaya daga baya.