Tambaya da Amsa: Ta yaya ake gane abin da ke ƙarƙashin ƙasa tun ba a haƙa ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun muna yara muke jin ana neman mai a yankin Tafkin Chadi, ga Nijar da Chadi sun samu nasu tuni, mu kuma har yau shiru. Wai don Allah ta yaya ake sanin inda za a haƙa, ko dai lalube kawai ake yi?
Daga wani mai karatu a Maiduguri

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba lalube ba ne, amma kuma ka sani babu wata na'ura da take hango man kansa daga sama. Abin da masana ke bi shi ne fasalin ƙasar, wato zurfin kwarin da yashi da laka suka taru a cikinsa tsawon miliyoyin shekaru, da wuraren da duwatsu suka tsage ko suka lanƙwashe, don a irin nan ne mai yake maƙalewa.

Da jirgin sama ake farawa, yana shawagi yana auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa. Dutsen asali na can ƙasa yana da maganaɗisu, yashi da laka kuwa kusan babu, to daga nan ake ƙiyasta zurfin kwarin. Ana kuma auna ƙarfin jan ƙasa, inda laka ta yi kauri sai awon ya ragu. Sai babban aikin, mai cin kuɗi, wanda ake kira sayismik: manyan motoci su girgiza ƙasa ko a fasa ɗan nakiya a rami, girgizar ta nutsa ta bugi shimfiɗun duwatsu ta dawo, dubban ƙananan na'urori da aka jera su ɗauka, kwamfuta ta haɗa hoto, kamar dai sikanin da ake yi wa mai juna biyu a asibiti.

Irin wannan bincike ne ya nuna cewa kwarin Binuwai, da Termit na Nijar inda filin mai na Agadem yake, da Doba ta Chadi, duk dangin tsaga ɗaya ne da ta buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Shi ya sa fatan da ake yi wa Borno ba na banza ba ne. Sai dai zama dangi ba ya nufin rabo ɗaya, dole dutsen da ke haifar da man ya samu zafi daidai, idan zafin ya yi yawa gas ake samu. NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a ɓangarenmu na yankin Tafkin Chadi, alamun gas aka gani a biyu daga cikinsu, Wadi-1 da Kinasar-1, alhali Agadem tun 2011 take ba matatar Zinder mai.

Ga kuma matsalar tsaro, wadda ni a ganina ita ta fi cutar da aikin nan. A Yulin 2017 Boko Haram ta kai wa tawagar masu binciken hari a yankin Magumeri, har da malaman Jami'ar Maiduguri a ciki, aka yi asarar rayuka, aiki ya tsaya. Shi sayismik sai mutane sun taka ƙasa da ƙafarsu suna jera na'urori cikin daji, ba daga ofis ake yin sa ba. A Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka samu damar yin aikin har aka haƙa, a 2019 aka sanar da samun mai. A Borno kuwa sai a Mayun 2023 aka koma haƙa, a rijiyar Wadi-B.