Tambayoyin Masu Karatu: Lasisin Barasa da Yawaitar Shagunanta

Tambaya: Don Allah ina neman ƙarin bayani. Tunda sai da lasisi ake sayar da barasa, me ya sa shagunanta ke ƙaruwa har su yi jere a titi ɗaya? Ko dokar ce ba ta aiki? (Malama H.)

Amsa: Malama, sau da yawa dokar tana aiki, sai dai tun asali ba a rubuta ta don ƙayyade yawan shaguna ba. Lasisin iri biyu ne: na mashaya, inda ake sha a wurin, da na shago, inda ake saya a tafi da ita. Na biyun ya fi saurin yaɗuwa, domin kantin da yake ci tun da can kantar barasa ɗaya kawai zai ƙara.

Inda gizo ke saƙa shi ne hukuma tana duba takardun nema ɗaya bayan ɗaya, alhali illar daga jimillar shagunan take fitowa. A Ingila da Wales, dokar 2003 ta ba hukuma ma'auni huɗu: hana aikata laifi da tarzoma, kare lafiyar jama'a daga haɗari, hana damun maƙwabta, da kare yara. Ko unguwa tana bukatar ƙarin shago ba ya cikin lissafin, kuma idan ba wanda ya kai ƙorafi, dole a bayar da lasisin. Shago na goma sha biyu zai iya cika duk sharuɗɗan kamar na farko. Dokar Scotland ta 2005 ta ƙara ma'auni na biyar, wato kiwon lafiyar al'umma, ta kuma wajabta wa hukumomi su bayyana yankunan da shaguna suka yi wa yawa. A ganinmu wannan ya fi dacewa.

Sassauta doka ma kan buɗe ƙofa gaba ɗaya. Jihar Washington ta Amurka ta janye hannun gwamnati daga cinikin barasa mai ƙarfi a 2012, wuraren sayarwa suka tashi daga kusan 330 zuwa sama da 1,400. New Zealand ta bar manyan kantuna su sayar da ruwan inabi mai sa maye da dokar 1989, ta ƙara musu giya a 1999.

Tambaya: Wace hanya ce ta fi rage yawansu? (Malam S.)

Amsa: Malam, kowace da inda take yoyo. Akwai ƙayyadewa da yawan jama'a: jihar New Jersey ta Amurka tana ba da lasisin mashaya ɗaya ga mutum 3,000, na shago ɗaya ga mutum 7,500. Aibinta shi ne tsofaffin lasisi ba sa mutuwa ko sun haura adadin, sai su zama kadara mai tsada da ake saye da sayarwa.

Akwai tazara. A Disamban 2016 Kotun Ƙolin Indiya ta hana sayar da barasa cikin mita 500 daga manyan hanyoyi. Wasu jihohi suka sauya wa hanyoyin suna a takarda, suka mai da su titunan gari, shagunan suka ci gaba da ciniki. Duk dokar tazara da ba ta faɗi daga ina ake fara awo ba, ko ƙofa ko katanga, ko a miƙe ko ta bin titi, rigima za ta haifar.

Akwai kuma riƙon gwamnati, irin na Sweden, inda kamfanin Systembolaget ne ke sayar da abin da ƙarfinsa ya wuce kashi 3.5 cikin ɗari a shago, kuma ba ya buɗewa ranar Lahadi. Abin da muke so a kula: ƙirga shaguna kawai yaudara ne. Babban kanti ɗaya na iya sayar da abin da ƙananan shaguna da dama ba su sayar ba, ga kuma masu kai wa mutane gida ta intanet. Dole a haɗa adadi da girman wuri da awannin buɗewa.

Tambaya: An liƙa sanarwar neman lasisi kusa da makarantar yaranmu. Me za mu yi? (Wata uwa)

Amsa: Uwargida, ki fara duba ranar rufe ƙorafi a jikin sanarwar. Wa'adin gajere ne. A Ingila kwana 28 ne, kuma takardar da ta makara ba a karanta ta. Ki nemi kwafin takardar neman daga hukumar, ki duba awannin da aka nema da taswirar shagon.

Sannan ki rubuta da harshen dokar wurinku. Nan ne yawancin ƙorafe-ƙorafe ke faɗuwa. "Ba ma so" ba hujja ba ce a gaban hukuma, ko da mutum ɗari suka sa hannu. Ki ɗaura kowace magana a kan ma'auni guda: tazarar mita nawa daga ƙofar makaranta, ƙarfe nawa yara ke tashi, shaguna nawa ne masu lasisi a kewayen, wace rana aka kira 'yan sanda kuma kan me. Wasiƙu daban-daban, kowa da abin da ya gani da idonsa, sun fi takarda ɗaya mai tarin sa hannu nauyi. Ki tuntuɓi shugabar makarantar da 'yan sanda, domin maganarsu tana da ƙarfi a zaman sauraro.

Kada ki tsaya kan neman a hana kawai. Ki rubuta sharuɗɗan da za ki nema idan an bayar: rage awanni, duba shaidar shekarun mai saye, kyamarar tsaro, hana tallan barasa a tagar da ke kallon makaranta. Sharaɗin da aka rubuta a jikin lasisi yana da haƙori. Idan aka karya shi, a dokoki irin na Ingila maƙwabta na iya neman a sake duba lasisin, a dakatar da shi ko a soke.