Manhajar da ta ƙi tashi saboda libssl.so.1.1

Ɗan'uwa daga Nima, ka ce manhajar da ka haɗa a tsarin kwamfuta na Ubuntu 20.04 ta ƙi tashi a kwamfutar ofishinku mai Ubuntu 22.04, tana cewa ba ta ga fayil ɗin libssl.so.1.1 ba, wanda wani ɓangare ne na OpenSSL, laburaren (wato tarin lambobin da manhajoji ke ara) da ke tsare sadarwa. Dalilin shi ne 22.04 da OpenSSL 3 take zuwa, wato libssl.so.3, alhali manhajarka tsohon sunan ta riƙe tun lokacin haɗawa. Gudanar da umarnin ldd a kanta zai nuna maka kowane laburaren da ya ɓace. Don Allah kada ka laƙaba wa sabon fayil tsohon suna da umarnin ln -s, domin cikinsu ya bambanta, ba za su jitu ba. Ka saka libssl-dev, wato kunshin da ake buƙata wajen haɗa manhaja da OpenSSL, ka sake haɗa manhajar a kan 22.04 ɗin.